Amsa ga mai tambaya kan riƙe sana'a ɗaya ko haɗa da yawa

Malam, ka tambaya ko ka tsaya kan gyaran lantarkin mota ko ka haɗa da walda da gyaran janareta. Shawarata ita ce ka fara ƙwarewa a ɗaya tukuna, domin a cikin garin Bauchi, inda makanikai suka yi yawa, mai mota yana neman wanda zai gane matsala daga jin ƙarar sitata, kuma irin wannan kunne ba ya samuwa sai an shekara ana abu ɗaya. Amma da a ƙauyukan Darazo ko Alkaleri kake, da na ce ka haɗa, saboda can injin ban ruwa da babur da injin niƙa duk hannu ɗaya suke jira, musamman lokacin noman rani.