Kwamitin da ya haɗa ma'aikatu: yaushe yake aiki, yaushe yake mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau da yawa mukan ji gwamnati ta kafa kwamitin da ya haɗa ma'aikatu daban-daban domin wata matsala, daga nan kuma sai shiru. Shin waɗannan kwamitoci suna da amfani kuwa, ko dai hanya ce ta kwantar da magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Shirun da kake ji gaskiya ne, amma bari mu fara da abin da ya sa ake kafa su. An raba aikin gwamnati ne fanni-fanni, ita kuwa matsalar jama'a ba ta bin wannan rabo. Ɗauki tamowa a tsakanin yara. Maganin yaron yana hannun ma'aikatar lafiya, abincinsa yana hannun ta noma, tsaftataccen ruwan da zai hana shi gudawa yana hannun ta albarkatun ruwa, kuɗin kuma sai ta kuɗi ta sake su. Kowane minista kasafinsa daban, kuma idan ya je gaban majalisa, a kan ma'aikatarsa kaɗai za a tuhume shi. Don haka kowa tasa ta fisshe shi. Kwamitin shi ne wurin da ake tilasta musu su dubi yaron nan tare, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda yake mutuwa kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ranar rantsarwa ministoci ne da kansu. Zama na biyu sai su turo manyan sakatarori, na uku daraktoci. Kafin a kai zama na biyar, wanda ke kan kujerar jami'i ne da ba shi da ikon cewa e ko a'a, abin da zai iya faɗa kawai shi ne zai kai wa maigidansa. Daga nan an daina yanke shawara, an koma karanta bayanin zaman baya. Abin da ya fi damuna shi ne, kafin a kafa kwamitin akwai wanda za a iya kamawa da laifi, bayan an kafa shi kuwa laifin ya rarrabu har ya ɓace.

A ganina, babban abin da ke raba mai rai da matacce shi ne wanda ke shugabanta. Minista ba ya karɓar umarni daga minista ɗan'uwansa, domin tsararsa ne. Dole shugaban ya zama wanda ke sama da su, ko wanda kowa ya san da yawun shugaban ƙasa yake magana. Majalisar Tsaron Ƙasa ta Amurka, wadda dokar 1947 ta kafa, shugaban ƙasa ne da kansa yake shugabantarta, kuma tana da ma'aikatanta na dindindin. A Faransa, idan ma'aikatu suka yi saɓani, ofishin firaminista ne ke zaunar da su, wani hadiminsa ya jagoranci zaman, sannan sakatariyar gwamnati ta rubuta hukuncin a takarda mai launin shuɗi. Da zarar shuɗiyar takardar nan ta fita, gardama ta ƙare, kowa ya koma ya aiwatar.

Kada a raina sakatariyar nan. Ita ce ke rubuta wa ya ɗauki alkawarin me, zuwa yaushe, ta kuma bi shi da waya. Sai kuɗi: kwamitin da ba shi da ko layi ɗaya a kasafi, roƙo kawai yake yi.

A Najeriya an ga wanda ya motsa. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin yaƙi da korona ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, da Dokta Sani Aliyu a matsayin babban jami'in gudanarwa. Ministoci suna zuwa da kansu, suna fuskantar 'yan jarida kusan kullum, shawarwarin suna isa teburin shugaban ƙasa kai tsaye. Ana iya sukar wasu matakansa, amma ba wanda zai ce ya yi shiru. Sai dai annoba tana haɗa kan mutane da tsoro. Matsala mai tafiyar hawainiya ita ce mai wuya, shi ya sa a 2001 Firaminista Tony Blair ya kafa wani ƙaramin sashe a Birtaniya ƙarƙashin Michael Barber, aka zaɓi buri kaɗan a lafiya, ilimi, sufuri da yaƙi da laifuka, firaministan kuma yana zama da ministocin lokaci-lokaci ya tambaye su ina aka kwana.

Yawan kwamitocin ma cuta ne. A Indiya rukunonin ministoci sun yi yawa har ana zarginsu da jinkirta hukunci, sai Firaminista Narendra Modi ya rushe su duka a watan Mayu na 2014, kwanaki kaɗan bayan hawansa, ya mayar wa ma'aikatu ikon yanke shawararsu, ya ce inda aka cije a kawo wa ofishinsa da sakatariyar majalisar ministoci.