Tambayi Likita: Ciwon da tsofaffin sojoji ke kwana da shi

Tambaya: Likita, ina cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya a 1990. Yanzu gwiwoyina sun hana ni sujada. Zan iya shan farasitamol kullum? Daga Obalende.

Amsa: Za ka iya, Baba, muddin ba ka da ciwon hanta. Ƙwaya 2 sau uku a yini ta isa, kada ka taɓa wuce 8. Ka yi sallarka a zaune, addini ya ba ka dama. Idan gwiwar ta kumbura ta ɗauki zafi, ka je asibiti.

Tambaya: Akwai ɓarɓashin bam a cinyata tun Saliyo. Dole sai an cire? Daga Ojo.

Amsa: Ba dole ba ne idan ba ya damunka. Amma duk ranar da aka ce za a yi maka hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'ura mai ƙarfin maganaɗisu, ka fara gaya musu akwai ƙarfe a jikinka.

Tambaya: Maigidana ya taka nakiya a Borno, aka yanke masa ƙafar hagu. Cikin dare sai ya farka yana ihu, wai babban yatsan ƙafar da aka yanke yana ci masa kamar wuta. Dangi sun ce iskokai ne, an yi masa sakiya a dungun, yanzu kuma taramol yake saya a kyamis. Daga Agege.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da haƙurinki. Mijinki ba ƙarya yake yi ba, kuma babu iska a jikinsa. Yawancin waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu suna jin haka. An yanke ƙafar, amma jijiyoyin da ke kai saƙonta suna nan a dungun, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina lissafi da ƙafar ba. Da jijiyar ta motsa, sai ya ji zafin a yatsan da babu shi.

Sakiyar nan kuwa ta ɓata mini rai. Ta yaya za a ɗora jan ƙarfe a kan fatar da za ta ɗauki ƙafar roba? Na taɓa kwance wa wani tsohon kofur bandeji, na tarar dungun ya ruɓe yana zubar da mugunya saboda irin wannan aikin, sai da aka ƙara yankewa zuwa saman gwiwa. Don Allah a daina. Addu'a da ruƙiyya ku ci gaba da su, amma wuta da aska kada su sake kusantar dungun. Idan gyambon yana ruwa ko wari, yau ɗin nan ku tafi asibiti.

Taramol ɗin bayan fage, musamman mai lamba 225, yana jawo farfaɗiya, yana kuma kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Kada ki ƙwace masa rana ɗaya, jikinsa zai rikice. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali, ya ɗora shi a kan maganin ciwon jijiya irin su amitriptyline ko gabapentin.

Ga abin da za ku fara a gida: ya zauna ya miƙe ƙafa, ki tsayar da dogon madubi tsakanin cinyoyinsa ya rufe dungun. Ya riƙa kallon lafiyayyar ƙafar a madubin yana motsa yatsunta, kamar minti 15 kullum. Wasu suna samun sauƙi sosai. Sannan ki kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin sojoji na 68 da ke Yaba, duk a Legas. Ki faɗa musu maganar ihun dare, domin idan mafarkin fagen daga yake yi, wannan ma yana da magani, kuma rashin barci yana ƙara ciwon. Kada ku jinkirta, Hajiya.

Tambaya: "Haɗi", wato ƙwayoyi iri-iri da ake haɗawa a sayar, nake sha saboda ciwon baya, yanzu bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Daga Mile 12.

Amsa: Subhanallahi! Malam, wannan alamar jini ce daga ciki, aikin su diclofenac da ake cusawa a haɗin. Kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya. Ka tafi sashen gaggawa yanzu, ka riƙe ragowar ƙwayoyin a nuna wa likita.