Amsa: Me ya sa Final Fantasy ya bar Nintendo?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kai jerin wasan bidiyo na Final Fantasy kan PlayStation, na'urar wasa ta kamfanin Sony. Matsalar wurin ajiya ce. Daga na farko a 1987 har na shida a 1994, duk a na'urorin Nintendo suka fito, cikin kaset. Da kamfanin Square, mai yin wasan, ya tashi yin na bakwai da hotunan 3D da gutsattsarin bidiyo, sai na'urar Nintendo 64 ta kafe kan kaset, wanda ba ya ɗaukar kaya da yawa. Sony kuwa faifan CD ta zaɓa, wanda ya fi ɗaukar kaya, shi ya sa Square ya koma can. Na bakwan ma faifai uku ya cinye a 1997! Muryoyin jarumai sai a na goma suka shigo, kan PlayStation 2. Ni dai har gobe na shida ya fi min, saboda labarinsa.