Kun Tambaya: Babur mai ƙafa huɗu a hanyar da ba ta ga gyara ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomin albasa ne mazaunin Tahoua, kuma garkata tana wani ƙauye a yankin Keita, inda hanyar da ta rabu da babban titi ta daɗe ba ta ga gyara ba, daga duwatsu sai yashi sai korama biyu da ake ratsawa. Na sayi babur mai ƙafa huɗu na hannu, wanda ake kira kwad, domin na gaji da faɗuwa a kan moto. Shin zan iya goya ƙanena tare da buhun albasa, kuma me ya kamata in kiyaye? Daga wani mai karatu, Tahoua.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya albarka a abin hawan. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Moto yakan faɗi ya yar da mahayinsa gefe, amma kwad kifewa yake yi, kuma idan ya kife yakan danne wanda ke kansa da nauyin da a yawancin na aiki ya kai kilo 250 zuwa 350. Matsalar ta daɗe. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ya biyo da mai ƙafa huɗu a 1982, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan haɗarinsu. Ƙafa ta huɗu ta rage kifewar amma ba ta kawar da ita ba, shi ya sa tun 2021 Ostareliya ta wajabta wa sababbin kwad na aikin gona wani ƙarfe da ke tsaye a bayan kujera, domin ya bar wa mahayi sarari idan abin ya juye a kansa.

Doguwar kujerar da kake gani, wadda ta sa ka yi tunanin ƙanenka, ta mutum ɗaya ce. An tsawaita ta ne domin mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya da gefe, saboda da nauyin jiki ake sarrafa wannan abin hawa kamar yadda ake sarrafa shi da hannu. A da yawa daga cikinsu sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya biyu, suna juyawa da gudu iri ɗaya, don haka a kwana babur ɗin yakan so ya miƙe, kuma sai mahayi ya danna matakin ƙafar waje ya karkato da ƙirjinsa cikin kwanar kafin ya bi. Mutum na biyu yana hana wannan motsi, yana kuma mayar da nauyi baya, wanda shi ne ke ɗaga gaban babur a hawan tudu. Batun buhu kuwa, akwai rubutu a jikin wurin ɗora kaya na gaba da na baya mai nuna iyakar kilon da kowanne zai ɗauka, kuma babban buhun albasa irin wanda ake lodawa a Galmi shi kaɗai ya haura abin da aka yarje wa na bayan. Ka raba kayan gida biyu, ka ɗaure su ƙasa-ƙasa, ko ka nemi ƴar amalanken da ake ja da shi.

Akwai wata ɗabi'a ta masu moto da nake so ka yaƙa tun kana tsakar gida, wato sauke ƙafa ƙasa idan abin hawa ya yi tangal-tangal. A kan kwad tayar baya tana dab da diddigenka, kuma da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa ana tafiya sai tayar ta hau ta, ta fizgo mutum daga kujera.

Ƙasar Adar, wadda yankin Keita yake cikinta, ba iri ɗaya ba ce, kuma hanyarka ta tara kusan dukkan nau'o'inta. A kan faƙo da tsakuwa ba a buƙatar komai sai rage gudu da ɗan ɗagowa daga kujera, gwiwoyi a lanƙwashe, domin dutse ɗaya da ya bugi tayar gaba ya isa ya ƙwace kan babur daga hannunka. Wurin da ya fi cancantar tsoro shi ne gangaren da ake sauka daga tudu zuwa kwari, musamman inda ruwan bara ya zaizaye gefe ɗaya na hanya ya bar ta a karkace. Tudu ana hawansa ne kai tsaye, da ƙaramar giya, jiki a gaba, ana kuma saukarsa kai tsaye, jiki a baya, injin yana riƙe gudun, birki yana taimakawa a hankali. Ratsa gangare a kaikaice shi ne ya fi kifar da kwad, kuma idan babu makawa sai an ratsa, to a jingina jiki wajen tudu. Idan injin ya mutu a tsakiyar hawa, kada ka bari ya gangara da kai da baya; ka kama birki, ka sa na ajiya, ka sauka ta ɓangaren da ya fi tudu.

Koramun nan biyu kuwa, a rani yashi ne kawai, ana wuce shi da wuta madaidaiciya ba tare da tsayawa a tsakiya ba, sai dai ka sauka ka dubi gaɓar kafin ka shiga, domin ruwa yakan rarake ƙarƙashinta ya bar saman kamar lafiyayye. Daga Yuni zuwa Satumba hukuncin ya canza. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu can nesa yana iya cika korama alhali ko ɗigo bai taɓa inda kake ba, kuma faffaɗan tayoyin kwad masu cike da iska sukan sa ruwa mai gudu ya ɗaga shi. Duk ruwan da ya haura matakin ƙafa, ko yake tafe da ƙarfi da launin jar ƙasa, a zauna a jira shi ya janye tare da masu amalanke.

Kafin ka tashi, ka lura da iskar taya, domin a nan ne ake yawan yin kuskure. Tayar kwad tana ɗaukar iska kaɗan, galibi tsakanin 0.2 da 0.5 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira bar, alhali ta ƙaramar mota tana haura bar 2. Mai faci da ya saba da motoci zai buga ta da ƙafa, ya ga ta yi laushi, ya cika ta tam da kyakkyawar niyya, daga nan babur ya dinga tsalle a kan kowane dutse yana rasa riƙon ƙasa. Ka sayi ma'aunin ƙaramar iska naka, ka tabbatar tayar dama da ta hagu sun daidaita, ka riƙa tafiya da famfon hannu da kayan toshe huda, domin ƙayar aduwa ba ta raga wa kowace taya. Matatar iskar injin tana buƙatar wanki akai-akai a lokacin hunturu saboda ƙura. Hular kwano da takalmi rufaffe wajibi ne ko da a zafin Afrilu, haka ma ruwan sha mai yawa da sanar da wani a gida hanyar da ka bi da lokacin da ake sa ran isarka. A kan kwalta, inda tayoyin ke kama ƙasa fiye da kima, kwana ta fi haɗari, don haka guntun titin da za ka bi kafin ka ratse a bi shi a sannu.

Masu ƙera shi sun hana wanda bai kai shekara 16 ba hawa na manya, saboda haka makulli ya zauna a aljihunka idan ka isa garka. Game da takardu da izinin zirga-zirga, ka tuntuɓi jandarmomin yankinku kafin tafiyar farko, musamman idan wata rana za ka nufi arewacin jihar, inda Tillia da Tassara suka shiga dokar ta-ɓaci a 2017 kuma hukumomi kan taƙaita yawon babura.