Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Basirar Ɗan Adam Ta Yi wa Ta Dabbobi Fintinkau?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar halittu ne. An koya mana cewa duk siffar da ke taimakon halitta ta rayu ta hayayyafa, yaɗuwa take yi a zuriyarta. To idan basira tana da amfani haka, me ya sa mutum kaɗai ya yi nisa a cikinta? Me ya hana zaki ko kura? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka duba amfani, ka tsallake farashi. Ƙwaƙwalwa kaya ce mai tsada. Ta baligi nauyinta kilo 1.3 zuwa 1.4 ne, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ba ta kuma san hutu ba. Kana barci tana ci.

An gwada tsadar nan a zahiri. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka riƙa zaɓen wasu ƙananan kifaye masu manyan ƙwaƙwalwa suna haɗa su barbara. Bayan zuriya biyu ƙwaƙwalwarsu ta fi ta 'yan'uwansu da kashi 9 cikin 100, amma hanjinsu ya ƙanƙance, 'ya'yan da suke haifa suka ragu da kashi 19. Zakin da ke samun nama da farce da haƙori, in ya ƙara ƙwaƙwalwa ƙarin yunwa ya jawo wa kansa, ba tare da ribar da za ta cike gurbi ba.

Saboda haka ainihin tambayar ita ce: ta yaya reshen mutum ya iya biyan wannan farashi? Abin da ƙasusuwan da aka haƙo suka nuna shi ne ƙafa ta riga kai. Sawun da aka gano a Laetoli ta Tanzaniya a 1978, mai shekaru miliyan 3.6, na masu tafiya a tsaye ne da ƙafa biyu. Haka ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy, wanda aka samu a Hadar ta Habasha a 1974. Amma cikin ƙoƙon kan irin waɗannan halittu bai wuce mililita 400 zuwa 500 ba, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda. Namu yana ɗaukar kusan 1,350, wato ya kusa leda uku. Tafiyar tsaye ta 'yantar da hannu sama da shekaru miliyan kafin kai ya fara girma sosai.

Sai dutse ya shigo. A wani wuri mai suna Gona a Habasha an samu duwatsun da aka fasa da gangan don a fitar da kaifi, masu shekaru miliyan 2.6. Da ɓallin dutse mai kaifi, halittar da ba ta da fiƙa tana iya yaga fatar mushe, ta yanki nama, ta fasa ƙashi ta kwashi ɓargo. Nama da kitse ba sa buƙatar dogon hanji kamar ganye da saiwa. A 1995 masana biyu, Leslie Aiello da Peter Wheeler, suka lissafa cewa hanjin mutum kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da ya kamata biri mai girmanmu ya samu, kuma kuzarin da aka rage daga ciki ya yi daidai da wanda aka ƙara a kai. Zuwa zamanin Homo erectus, wani tsohon nau'in mutum, daga wajen shekaru miliyan 1.9 da suka wuce, ƙoƙon kai ya kama daga mililita 600 har ya haura 1,000.

Girki ya ƙarasa aikin. Wuta tana tausasa nama, ta nuna sitacin da ke cikin saiwa, sai jiki ya samu ƙari daga loma ɗaya da ƙarancin tauna. Wani lissafi na 2012 ya nuna cewa da ɗanyen abinci irin na birai muke ci, sai mun shafe sama da awa 9 kullum muna ci kafin mu ciyar da ƙwaƙwalwarmu. A nan akwai gardama, kuma gardama ce ta gaske. Richard Wrangham na Jami'ar Harvard yana ganin girki ya fara tun farkon Homo erectus, amma tokar da masana da yawa suka yarda da ita, ta kogon Wonderwerk a Afirka ta Kudu, shekarunta kusan miliyan 1 ne, kuma murhu bai zama ruwan dare ba sai wajen shekaru 400,000 da suka wuce. A ganinmu nama da daka ne suka fara ɗaukar nauyin, wuta ta zo ta tarar da tafiya ta yi nisa.

Saura raino, wanda mutane suka fi mantawa. Babban kai ba ya ratsa ƙugun mai tafiya a tsaye cikin sauƙi, shi ya sa ake haifar jariri da maɗiga a buɗe, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta baligi ba. Sauran girman a waje ake yin sa. A wajen shekara 5 ƙwaƙwalwar yaro tana cin kusan kashi biyu cikin uku na kuzarin jikinsa yana hutawa, lokacin ne kuma tsawonsa ke tafiyar hawainiya. Uwa ɗaya ba ta iya wannan ita kaɗai. Uwar cimfanzi (babban birin da ya fi kusa da mutum), wadda ba mai taya ta, sai ta yi shekara 5 zuwa 6 kafin ta sake haihuwa. Matan mafarauta masu yawon daji suna yi a shekara 3 zuwa 4, duk da 'ya'yansu sun fi tsada, domin uba yana kawo nama, kaka tana haƙo saiwa, yayye suna goyo. Masaniya Kristen Hawkes ta auna haka a ƙabilar Hadza ta Tanzaniya: yaran da aka yaye, girmansu yana bin ƙwazon kakarsu wajen haƙa.

Na ji cewa ƙwaƙwalwar giwa ta ninka tamu. Me ya sa ba ita ke mulkin duniya ba? (Wani mai karatu daga Bauci)

Gaskiya ne, Malam. Ta giwa tana kai kilo 4.5 zuwa 5, ta wani nau'in kifin wel ma tana kusantar kilo 8. Sai dai ba a sikeli ake auna abin ba. Suzana Herculano-Houzel, masaniya 'yar Birazil, ta ƙirga ƙwayoyin jijiyar da ke ciki. Mutum yana da kusan biliyan 86, giwa biliyan 257. Amma kusan kashi 98 cikin 100 na na giwa suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya mai daidaita motsin gaɓoɓi, abin da bai zama mamaki ba ga dabba mai sarrafa hanci irin nata. A ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tsara shiri da magana da auna al'amura, giwa tana da biliyan 5.6, mutum biliyan 16. Dalili shi ne a dangin birai ƙwayoyin ba sa kumbura yayin da ƙwaƙwalwa ke girma, don haka ake cusa da yawa a ƙaramin wuri. Tsuntsaye irin su hankaka da aku sun ma fi matse nasu, shi ya sa ɗan kansu ke yin abin da ya fi girmansa.

Na ga bidiyon wani biri a Japan yana doke ɗaliban jami'a a gwajin tuna lambobi. Anya mun fi su basira kuwa? (Wata malamar firamare daga Maraɗi)

Malama, bidiyon na gaske ne. Sunan cimfanzin Ayumu, a Jami'ar Kyoto, kuma an wallafa sakamakon a 2007. Ana haska masa lambobi a kan allo na kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a rufe su, ya taɓa gurabensu bi da bi. A wannan fage ya fi yawancinmu.

A shekarar dai, masana a Cibiyar Max Planck da ke Leipzig ta Jamus suka yi wa yara 105 'yan shekara biyu da rabi, da cimfanzi 106, da birin orangutan 32 gwaji iri ɗaya. A abin da ya shafi gane yawa, da tuna inda aka ɓoye abu, da jawo abinci da sanda, yara da cimfanzi kunnen doki suka yi. Inda yaran suka tsere shi ne koyo daga wani. An sa lada a cikin bututun roba, mai gwaji ya nuna yadda ake buɗe shi. Yaro zai zuba masa ido ya kwaikwaya daidai; biri kuwa sai ya ɗauki bututun ya kama cizo. Ke ma kin san ɗan shekara ɗaya yana nuna abu da yatsa ya waiwayo ya dubi fuskar uwarsa, ba don a ba shi ba, don ta gani tare da shi. Birai a daji ba a san su da wannan ba.

Bambancin kamar ƙarami, amma shi ke sa ilimi ya taru. Cimfanzin dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba suna zura tsinke su ɗebo zuma da kwarkwasa. Na dajin Taï a Kwaddibuwa suna fasa ƙwara da dutse, kuma an haƙo duwatsun da kakanninsu suka yi wannan aiki da su shekaru 4,300 da suka wuce. Dabarar ba ta gusa ba. Kowane ɗan biri sai ya ɓata shekaru kafin ya iya ta.

Dubi rogo mai ɗaci. Yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid. Kafin ya zama garin kwaki sai an ɓare, an wanke, an gurza, an zuba a buhu an danne da nauyi na kwanaki ruwan ya tsiyaye ya yi tsami, an tankaɗe, an soya. Gurzawa ke fasa ƙwayoyin rogon gubar ta samu hanyar fita, matsa da zafi su kore ta. Mai yin aikin ba ta buƙatar sanin wannan bayani. Uwarta ta nuna mata, ta bi. Ba wanda zai gano matakan nan shi kaɗai, domin ragowar gubar ba nan take take nuna kanta ba. Inda fari ko yaƙi ya sa aka gajarta jiƙon, kamar yadda ya faru a Mozambik da Kwango, sai cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo ta ɓulla. Da zarar rayuwar jama'a ta dogara da irin wannan ilimi, yaron da ya fi iya koyo shi ke rayuwa ya haihu, ƙwaƙwalwa ta ƙara girma, ilimin da za a adana ya ƙaru. Harshe ya zo ya sa ana iya koyar da abin da ba ya gaban ido. Farkon tafiyar dai da jan ƙafa aka yi: gatarin dutse na Homo erectus ya haura shekaru miliyan 1 siffarsa ba ta wani sauya ba.

Sauran masu wayo kowanne da abin da ya rasa. Dolfin, dabbar teku mai kama da kifi, yana da jama'a da tsawon rai, ba shi da hannu, ba ya kuma hura wuta a ruwa. Halittar tekun nan mai hannuwa takwas, oktofus, tana buɗe murfin kwalba, amma yawancinsu shekara ɗaya ko biyu suke yi, kuma uwa na mutuwa daidai lokacin da ƙwai ke ƙyanƙyashewa. Ba wanda ya gaji komai daga wani.

In daga biri mutum ya fito, me ya sa biran yanzu ba su zama mutane ba? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Masana fannin ba su ce mutum ya fito daga birin da kake gani ba. Abin da suke cewa shi ne reshe biyu ne suka rabu daga tushe guda wajen shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowanne ya bi hanyarsa. Ƙoƙon kan da ake wa laƙabi da Toumaï, wanda aka tsinta a hamadar Djurab ta arewacin Cadi a 2001, daga wajen wannan lokaci yake, kuma cikinsa kusan mililita 350 ne. Cimfanzi ya zauna a kurmi inda 'ya'yan itace suka ishe shi, babu abin da ya matsa masa ya sayi ƙwaƙwalwa mai tsada. Ba kuma mutum iri ɗaya aka yi ba: Neandatal na Turai ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu ko ta ɗara, suka ƙare wajen shekaru 40,000 da suka wuce. Wannan fili yana kawo abin da masu binciken ƙashi da ƙwayoyin gado suka fahimta ne. Batun halittar Annabi Adamu, alaihis salam, da yadda ake fahimtar nassi, na malaman addini ne.

Ɗana yana da babban kai, dangi suna cewa zai yi ilimi. Haka ne? (Wata uwa daga Gusau)

Hajiya, tsakanin mutum da mutum alaƙar girman ƙwaƙwalwa da basira 'yar kaɗan ce. Ta Albert Einstein giram 1,230 ce, ƙasa da matsakaici. Abin da za ki sa wa ido shi ne saurin girman. Ki sa a riƙa auna zagayen kan da tef duk ranar awo. In yana tsallake layukan katin, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko idanu suna kallon ƙasa, ko yana yawan amai, a kai shi asibiti ba jinkiri, domin ruwa ne ke iya taruwa a ciki kuma ana yin aikinsa. Abin da ke gina ƙwaƙwalwar yaro kuwa shi ne nono zalla na wata 6, gishiri mai aidin a miyar gida, abinci mai sinadarin ƙarfe irin su hanta da wake bayan an fara ba shi abinci, maganin zazzaɓin cizon sauro da wuri, da yawan yi masa magana tun bai iya mayarwa ba.