Amsa ga mai tambayar Chemmeen: ni ma na taɓa tsayawa inda Pareekutty ya tsaya

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka na wuce, na dawo, na sake wucewa, don ta sosa min inda ban so a taɓa ba. Ka ce ka kalli Chemmeen, fim ɗin Indiya na harshen Malayalam, har rabi ka kashe saboda haushin Pareekutty, kana tambaya ko wauta ce ta sa ya kwashi jarinsa ya danƙa wa uban yarinya, ko masu fim ne suka ƙara gishiri. Can ƙasa kuma, kamar ba komai ba, ka jefa cewa kai ma mahaifin wadda kake nema ya ce ka ranta masa kuɗi. Wannan layin na ƙasa shi ya hana ni barci.

Babu gishirin da aka ƙara. Ni na yi sana'ar kifin banda a bakin ruwan Yauri, kuma duk wanda ya zauna cikin masunta ya san tsarin: ɗan kasuwa ya ba masunci kuɗin jirgi da koma, shi kuma in ya kamo, kai zai fara sayar wa, kana zare bashinka a hankali. Ba takarda, ba sa hannu, baki da baki ne. Abin da marubuci Thakazhi ya rubuta a littafinsa na 1956 ke nan game da masuntan Kerala da ke kudancin Indiya, Ramu Kariat ya mai da shi fim a 1965. Chembankunju, uban yarinyar, bai da buri a duniya sai ya mallaki jirgi da koma nasa na kansa. Ya san yaron nan Musulmi mai sayen kifi, Pareekutty, ya mutu a kan 'yarsa Karuthamma, sai ya bi ta wannan ƙofar. Yaron bai ba shi don riba ba. Kunyar idon yarinyar ce ta ci shi.

Ni nawa tsohon, uban yarinyar da nake nema a lokacin, har "ɗana" yake ce min. In na je gaisuwa shi da kansa yake shimfiɗa min tabarma. Ya ce jirginsa ya ruɓe, inji ya mutu, damina ta kusa, ga shi ni da shi mun zama ɗaya. Abin da na tara shekara uku ina kwana cikin hayaƙin banda, idona na ruwa, rigata ba ta rabuwa da ƙarni, na ƙirga masa a zaurensa bayan isha'i. Daga ni sai shi sai fitilar ƙwai. Har na buɗe baki in ce a kira liman, na ji motsinta a bayan zana, sai na haɗiye maganar.

Ranar da ba zan manta ba wata safiya ce da ruwa ya ba da kifi. Jirgin ya iso ya nutse har baki, giwan ruwa biyu a ciki, ga tarwaɗa ga ƙarfasa. Fentin da ke jikin jirgin ni na zaɓe shi, shuɗi. Na matso da kwalayena da yarona, ina murmushi kamar sakarai. Tsohon nan bai ko ɗago ya dube ni ba, yana warware igiya ya ce, "Da kuɗi a hannunka?" A gaban jama'a fa. Na ce, "Baba, ai akwai magana tsakaninmu." Ya ce shi maganar da ya sani ita ce kuɗi hannu, cefane ba ya jiran magana. Ya juya ya sayar wa fataken da suka zo da mota daga kudu. Ita kuma tana tsaye can gefe da kwano a kanta, ta sunkuyar da kai, ba ta tafi ba kuma ba ta matso ba. Yarona ya ce, "Maigida, mu mayar da kwalayen?" Wallahi wannan tambayar ta fi maganar tsohon zafi. Wata huɗu bayan nan aka ɗaura mata aure da wani. Goron ma a bakin mutane na ji.

Shi ya sa duk lokacin da na kai wurin da Chembankunju ya sauko daga jirginsa yana hura hanci ya ƙi sayar wa yaron, sai na tsayar da fim ɗin na fita waje. Kottarakkara Sreedharan Nair ne ya fito a tsohon, kuma a wurina shi ya ɗauke fim ɗin gaba ɗaya. Dubi yadda tafiyarsa take sauyawa da zarar kuɗi sun shigo. Na tsane shi har na fara jin kunyar kaina, mutumin da aikinsa kawai yake yi.

Ka kuma yi tambaya kan jaruman. Pareekutty ɗin da kake zagi Madhu ne, wanda ya bar aikin koyar da Hindi a kwaleji ya shiga wasan kwaikwayo, ya kuma fito a Saat Hindustani na 1969, fim ɗin da Amitabh ya fara da shi. Karuthamma ita ce Sheela, wadda ta yi fina-finai fiye da 100 tare da jarumi Prem Nazir. Mijin da aka ba ta, Palani maraya, Sathyan ne, tsohon ɗan sanda, ya rasu a 1971. Ka lura da Palani sosai. Mutanen ƙauye sun yi ta gulmar matarsa har abokan sunsa suka daina shiga jirgi ɗaya da shi, saboda camfinsu cewa in mace ta ci amanar miji yana kan teku, Kadalamma, uwar teku, za ta haɗiye shi. Camfi ne nasu, mu ba ruwanmu da shi, amma gulmar bakin ruwa iri ɗaya ce ko'ina. Da can Pareekutty kaɗai nake tausaya wa. Yanzu da na yi aure, Palani ya fi ba ni tausayi.

Waƙar da Pareekutty yake yi shi kaɗai a bakin teku da dare muryar Manna Dey ce, kiɗan Salil Chowdhury. Ban jin kalma ɗaya ta Malayalam, ɗan Indiyancin da muka tsinta a fina-finan Bombay ba ya aiki a nan, amma na yi wata guda ina kunna ta a rumfar da babu kifi a cikinta. Ka nemi fim ɗin mai fassarar Turanci a ƙasa. Kada ka yarda da wanda aka guntule, ruwan tekun nan mai launi shi ne rabin daɗin, ba banza ba ya zama fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinariya ta shugaban ƙasa.

Na kauce. Maganar kuɗinka. Kada ka je kai kaɗai, don Allah. Ka faɗa wa mahaifinka ko kawunka tukuna, ko da za su yi maka faɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, ni na san ta sarai na bar kunya ta rufe min baki. In ya ce rubutu raini ne tsakanin uba da ɗa, to ka ji amsarka ke nan. Ko kuma ka ba shi ɗan abin da in ya tafi ba zai karya ka ba, ka ce kyauta ce. Kuma kada ka tambayi yarinyar ra'ayinta, za ka sa ta tsakanin wuta biyu, ita ba ta ci ba ba ta sha ba. Ni har yau ban riƙe ta a zuciya ba. Tsohon ne dai, ina ta ƙoƙari.

Ka ƙarasa fim ɗin kafin ka yanke hukunci, ba zan ɓata maka ƙarshensa ba, sai dai tsohon bai ci lafiya ba. Nawa kuwa bara na je Yauri ta'aziyya, na hango jirgin a ɗaure, fentin ya koɗe amma shuɗin na nan. Ka gaya mana, an kai kuɗin gaisuwa ne ko tukuna? Kuma nawa ya ce ka kawo?