Me ya sa muryar mutum ke fita kamar daga cikin tulu a sabon akwatin lasifikata?

TAMBAYA: Na sa kafinta ya haɗa mini akwatin lasifika da katako mai kauri, tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita 40 ne daga ciki, na ɗaura masa babbar lasifika ta amo mai kauri da matsakaiciya da ƙarama. Dirin ganga yana fita sosai, amma idan mutum yana magana sai ka ji kamar daga cikin tulu yake yi. Shin matsakaiciyar lasifikar ce ba ta da kyau, ko kuwa laifin akwatin ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, kafin ka kashe kuɗi wajen sayen wata lasifika, ka fara tuhumar akwatin, domin awon da ka ambata shi kaɗai ya isa ya haifar da abin da kake ji.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, wanda ake rubutawa da Hz. Abin da ake kira amon tsakiya yana farawa ne daga wajen Hz 300 zuwa wajen 4,000, kuma a nan mafi yawan maganar mutum take, shi ya sa tsohuwar wayar tarho ba ta ɗaukar komai sai daga 300 zuwa 3,400, amma ana gane mai magana sarai. Tun a 1933 wasu masana sauti biyu, Fletcher da Munson, suka nuna a Amurka cewa kunne ya fi kaifi a wajen 2,000 zuwa 5,000. Saboda haka ɗan kuskuren da zai wuce ba a lura ba a dirin ganga, a murya nan take kunne zai kama shi, tunda ba sautin da muka sani kamar muryar mutum.

Faifan lasifika, wato zagayayyen ɓangaren nan na gabanta da ke kaɗawa, shi ne yake samar da wannan amo, aikin akwati kuwa shi ne ya riƙe sautin da ke fita ta bayan faifan, ya kuma yi shiru. Faifan yana tura iska gaba da baya daidai wa daida, don haka duk ƙarfin da kake ji a ɗaki, akwai kwatankwacinsa a kulle cikin akwatin yana neman mafita. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma idan ya sami bango biyu masu fuskantar juna sai ya riƙa kai da komo yana ƙara wa kansa ƙarfi a wani amo na musamman. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 343 da ninki biyu na tazarar bangon. A tazarar santimita 40 za ka sami kusan Hz 430, sai kuma 860 da 1,290. A akwatin da awonsa uku suka bambanta, waɗannan amo suna warwatsuwa, amma a naka duka ukun sun taru wuri guda, kuma wurin nan tsakiyar murya ne. Faifan lasifika siriri ne, bai iya tare su, sai su ratso ta cikinsa su fito a makare, su cakuɗe da sautin asali. Wannan shi ne tulun da kake ji.

Na biyu, jikin katakon kansa yana rawa. Ka ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa: idan ya amsa da dogon amo kamar ganga, to yana rera tasa waƙar tare da lasifikar, kuma da yake faɗinsa ya ninka na faifan sau da yawa, ɗan motsi kaɗan ya isa a ji shi. Masana sun bi hanya biyu a kan wannan. Wasu suna ƙara kauri da katakan tokara daga ciki, domin bangon ya yi tauri. Injiniyoyin BBC kuwa, a ƙaramar lasifikarsu LS3/5A ta shekarun 1970, sun zaɓi katako marar kauri sosai suka manna masa shimfiɗar kwalta daga ciki, domin rawar ta sauka ƙasa da inda kunne ya fi kaifi, ta kuma mutu da wuri. A ganina darasin da ke ciki shi ne kauri kaɗai ba ya magani, domin katako mai tauri da ba a danne rawarsa ba yakan ɗaga amon ne kawai zuwa inda aka fi jin sa.

Akwai kuma fuskar akwatin. Sautin da ya bi ta kan fuskar idan ya iso kaifin gefe yakan watse kamar daga wata sabuwar lasifika, ya dawo ya yi karo da na asali. Harry Olson na kamfanin RCA ya gwada siffofi daban-daban a farkon shekarun 1950, ya tarar mai siffar ƙwallo ya fi fitar da sauti sumul, mai awo uku daidai wa daida irin naka kuwa yana cikin mafi muni. Don haka ake goge gefuna su yi zagaye, ake kuma kauce wa sa matsakaiciyar lasifika a daidai tsakiyar fuska.

Ba ka faɗa mana ko matsakaiciyar tana da ɗakinta na daban ba. Idan iska ɗaya take shaƙa da babbar, to duk lokacin da babbar ta ja da baya tana matsa faifan ƙanwarta, muryar sai ta riƙa rawa tare da kiɗan. Ka sa kafinta ya keɓe mata ƙaramin ɗaki rufaffe, wanda bangon bayansa ya ɗan karkace, a cika shi da ulu ko audugar roba ba tare da dannawa ba. A babban ɗakin kuma a shimfiɗa irin wannan abu mai kauri a bangon da ke bayan faifan, a haɗa bangaye masu fuskantar juna da katakon tokara da gam, amma kada a sa shi a daidai tsakiya. Idan akwatin yana da bututun iska, kada a toshe bakinsa, kuma ka kara kunne a kansa, domin ta nan ma amon tsakiya yakan zurara. Bayan wannan ka gwada da muryar mai karanta labarai, ba da kiɗa ba, idan tulun bai tafi ba sannan ka koma kan na'urar da ke raba amo tsakanin lasifikun uku.